Matashin da Wuta Ba Ta Ci

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago sai ya ja benci ya zauna, ya ce in ba shi labarin Faransa, don mu nan Malumfashi har yanzu haka tsofaffi ke kiran ƙasar Nijar. Wani so yake ya ji ko da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda. Wani kuwa abin da ya kawo shi daban ne, so yake ya ji wanda ya yi wa Yaya Sani asiri. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara tsawo da zarar ya bar ƙofar shagona. To ga shi nan yadda ya faru, wanda ya ƙara wani abu a kai nasa ne.

Yaya Sani shi ne babba a ɗakinmu. Tun ina yaro ya tafi Maraɗi neman aiki, ya samu a wani kamfani na Turawa mai manyan tukwanen tururi, wanda ba zan kama sunansa ba. Da kamfanin ya rufe bai dawo gida ba. Ya riga ya auri Rabi, 'yar Tsibiri, sai ya kama sayar da hatsi a kasuwa. Wani direban babbar mota ne ya kawo mana saƙo cewa Yaya ba shi da lafiya, tari ya cinye shi, ko masallaci ba ya iya zuwa.

Inna ta kira ni ɗakinta ta ba ni aiki biyu. Na farko in ɗauko mata ɗanta. Na biyu in gano wanda ya yi masa wannan aiki, don ita ba ta yarda ciwon Allah ba ne. Ba ta ɓoye wadda take zargi ba. Ta ce kowa ya san mutanen Tsibiri da 'yan tsubbu, kuma mace ba ta riƙe namiji shekara da shekaru a ƙasar wasu haka kawai. Ta gargaɗe ni kada in ci komai daga hannun Rabi, ko da ruwa ne. Tana maganar tana jingine da matashin kanta, wanda Yaya ya kawo mata tsaraba shekarun baya. Duk unguwa an san matashin nan. Akwai ranar da fitila ta faɗa kansa, rigar ta ƙone ƙurmus, amma abin da ke ciki ko baƙi bai yi ba. Ni na ɗinka masa sabuwar riga, kuma na tuna na yi mamakin abin, don ni tela ne, na san auduga na san rimi, wannan kuwa ba ɗaya daga cikinsu. Yana da nauyi, yana da sanyi, launinsa fari-fari kamar toka. Inna ta ce albarkar ɗanta ce, ni kuwa ban tsawaita bincike ba.

Ban taɓa tsallake iyaka ba sai wannan karon, kuma ni mutum ne da ba ya saurin yarda da kowa, abokaina sun sani. Daga Katsina na shiga wata tsohuwar fijo mai zuwa Maraɗi ta Jibiya. Tun kafin mu tashi na ji warin fetur ya yi yawa. Da na leƙa ƙarƙashin kujera sai na ga jarkoki jere, an rufe su da buhu. Na yi wa direba magana, ya ce ruwan sha ne. Na ce ruwan shansu na da ƙamshi. Bai yi dariya ba. Wanda ke zaune kusa da ni, wani siririn mutum mai hular sanyi, ya ciro taba zai kunna, sai da duk motar ta taso masa sannan ya mayar aljihu yana gunaguni. Shi ne kuma ya dame ni da tambaya: daga ina, zuwa ina, wajen wa, me nake sana'a. Mu da muka saba zama ƙarƙashin mulkin soja mun san mai yawan tambaya ba a banza yake yi ba, don haka na ce masa awaki zan je dubawa. Sai ya zamana dillalin awaki ne. Har muka isa iyaka yana koya mini yadda ake gane akuya mai ciki.

A ɓangarenmu an tsayar da mu ya fi a ƙirga, kowane shinge direba ya sauka ya zagaya bayan mota ya dawo, ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin kujera. A Ɗan Isa kuwa, shingen ɓangaren Nijar, aka sauke mu duka. Wani jandarma ya karɓi takarduna yana juyawa, ya yi mini magana da Faransanci. Na tsaya ina kallonsa. Sai ya sake da Hausa irin wadda kakata ke yi, ya ce mi zan tahi yi Maraɗi. Na rasa ko in ce awaki ko in faɗi gaskiya, ga dillali tsaye a bayana. Na ce dubiya zan je. Dillalin ya ce, a'a, ai awaki ya ce mini. Wannan ɗan saɓani ya sa aka zazzage jakata a ƙasa, aka warware har ɗan yadin da na ɗauko wa Yaya. Da jandarman ya ga babu komai sai ya ce Allah ya ba mai jiki lafiya, ya taya ni ninke yadin. Na shiga mota ban ƙara kallon dillalin ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Maraɗi shi ne baki. Kowa magana yake yi. Ko'ina tutocin jam'iyyu, kowane mai shayi da tasa jam'iyyar, mutane na zaune a bakin titi suna caccakar gwamnati da sunan kowa, ba mai waiwayawa ya ga wa ke saurare. Ni da na fito daga inda ake rage murya in za a ambaci masu mulki, sai na ɗauka tarko ne, duk wanda ya tambaye ni ra'ayina sai in ce ni baƙo ne. Amma bakin nan bai cika ciki ba. Darajar kuɗinsu ta faɗi ba da daɗewa ba, kaya sun yi tsada, ma'aikata na yajin aiki, makarantu a rufe, asibiti ma sai wanda ya ga dama ya zo. Wani mai shayi ya ce mini su yanzu sun samu 'yancin faɗin suna jin yunwa.

Gidan Yaya na cikin Sabon Gari, a wani lungu bayan masu gyaran babur. Na same shi zaune a kan katifa an tokare masa baya da matasai, don ba ya iya kwanciya sosai. Da ba a ce mini shi ne ba da ban gane shi ba. Mutumin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma ƙashi da fata. In zai yi magana sai ya tsaya ya tara numfashi tukuna, kamar mai hawan tudu da kaya. Tarin busasshe ne, ba ya fitar da komai. Kan yatsunsa sun kumbura sun yi faɗi. Na zauna na riƙe hannunsa, hawaye kawai nake yi, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Rabi ta shigo da ƙwarya. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, ga alamar gajiya a fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Lawali, sannu da hanya. Ga hura, ka jiƙa maƙoshi." Su can haka suke kiran Lawal. Furar nan ta sha nono, ƙamshin citta da kanumfari na tashi, ni kuma rabona da abinci tun Katsina. Na tuna Inna, na ce cikina ne ba daidai ba. Ta dube ni, ta ɗauke ƙwaryar ta fita.

Haka na zauna a gidan wana ina cin abinci a titi kamar ɗan tasha. Da safe burodin nan nasu dogo, mai ɓawo da ke yanka dasashi, da shayi mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofin da bai kai a kira shi kofi ba. Da rana kilishi, wanda gaskiya ya fi namu, amma ba ya riƙe ciki. Da yamma in ji ƙamshin miyar kuka na fitowa daga madafar Rabi, in ce na ƙoshi. An ba ni ɗakin zaure, da tabarma da matashi. Da na ɗora kaina sai na ji nauyi da sanyin nan da na sani, irin na Inna sak. Har na ji daɗi, kamar ina gida.

Na fara aikina na biyu. Rabi ta ce an ba Yaya maganin tarin fuka ya sha wata da watanni ba sauƙi, kuma babu wanda ya ɗauki tarin a gidan, har ita da ke jinyarsa. Wannan ya ƙara mini zargi, don ciwon da ba ya jin magani kuma ba ya kama kowa sai mutum ɗaya, mu a wajenmu sunansa sananne ne. Wani maƙwabcinsu mai gyaran babur ya ja ni gefe ya ƙara mini wuta. Ya ce duk waɗanda suka yi aiki tare da Yaya a ɗakin tukwanen tururi sun mutu ɗaya bayan ɗaya da irin wannan tarin. Saura mutum ɗaya, wani Nomau a Tsibiri. Ya rage murya ya ce Nomau ɗin nan kawun Rabi ne, kuma in lura, kullum da hantsi tana fita da kwano a rufe.

Na lura kuwa. Washegari da ta fita na bi ta a baya. Ta shiga motar Tsibiri a gaba, ni na maƙale a baya tsakanin buhunan dusa da wata tsohuwa mai kaji, na ja hula na rufe fuska. Tsibiri ba nisa, kafin kajin su gama ɓata mini wando mun isa. Na zaci zan ga gari mai ban tsoro, yadda Inna ta kwatanta. Sai na ga gari kamar namu, rumbuna, jakuna, mata na daka. Rabi ta bi wani lungu har ƙarshen gari ta shiga wani gida mai darnin kara. Na laɓe a bayan darnin ina leƙe, ina jiran in ga ƙwarya da jan zakara.

Abin da na gani wani tsoho ne zaune a gindin bishiyar bedi, an tokare masa baya da turmi. Rabi ta buɗe kwanon, tuwo ne. Tana gutsura tana ba shi, shi kuma yana tsayawa tsakanin loma da loma yana tara numfashi, daidai yadda Yaya ke yi. Ina nan tsaye sai tsohon ya ɗago kai ya ce, "Kai mai jan takalmi, tun ɗazu nike ganin ƙahwahunka ƙarƙashin darni. Shigo, ba mu cin baƙi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Rabi ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce wa kawunta ƙanen Sani ne. Baba Nomau ya yi dariya har ta zame masa tari. Da ya lafa ya ce ya san abin da ya kawo ni, don ba ni ne na farko ba. A garinsu ma an ce shi ya cinye abokan aikinsa, har ya haɗa da matarsa, shi ya sa babu mai kawo masa ko ruwa sai 'yar ƙanwarsa. Matar tasa ta rasu da wannan tarin, ita da ko ƙofar kamfanin ba ta taɓa takawa ba.

Na tambaye shi irin aikin da suka yi. Ya ce tukwanen da bututun tururi ana naɗe su da wasu barguna masu kauri, cike da wata farar auduga, don kada zafi ya fita. In za a yi gyara su ne ke kwance bargunan, su yage waɗanda suka tsufa, su cusa sabuwar auduga su ɗinke. Ƙura takan tashi har ba ka ganin na kusa da kai, su fito fari fat kamar an zazzage musu buhun gari. Da rana a kan bargunan suke kishingiɗa su huta. Ana ba su madara su sha, wai tana wanke ƙura. Ya ce abu ɗaya ne ya daɗe yana damunsa: Baturen da ke shugabantarsu ba ya shiga ɗakin sai ya ɗaura wani abu a hanci, su kuwa ba a taɓa ba su ba. Da kamfanin ya rufe kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai, su na ɗakin tukwane suka ɗebi barguna. Matarsa ce ta fara yage su tana bugawa da sanda tana shanyawa, tana cusa matasai. Mutane suka yi ta saye, don gari ne mai yawan gobara, ga matashin da wuta ba ta ci.

Ko a lokacin ban haɗa zancen da matashin Inna ba. Na dai ji wani abu ya tsaya mini a rai. A hanyarmu ta komawa, wannan karon kujera ɗaya, Rabi ta ce akwai hoton ƙirjin Yaya da aka ɗauka kafin a shiga yajin aiki, ba a samu wanda ya yi musu bayaninsa ba. Likitan da ya sa a ɗauka ya koma garinsu Jiratawa yana noma kafin a sasanta. Ta daɗe tana son zuwa, ba ta da wanda zai raka ta. Ba ta ce in raka ta ba, ta dai faɗa tana kallon taga. Washegari na raka ta.

Jiratawa kore ne shar, ruwa na gudu a magudanan siminti, ga albasa ga barkono ga alkama, abin da mu sai a bakin dam muke gani. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani mutum cikin gonar albasa, wando naɗe zuwa gwiwa, taɓo har ƙauri. Na ce wa Rabi wannan ba likita ba ne, an dai ga baƙi za a yi mana wayo. Mu a wajenmu likita ko a gidan biki ka gan shi ka san likita ne. Mutumin ya ji ni. Ya wanke hannu a magudana, ya ce albasa ba ta yajin aiki, shi ya sa ya fi yarda da ita. Ya karɓi hoton ya ɗaga shi saitin rana ya daɗe yana dubawa.

Ya ce ya tuna mai hoton. Ya ce tun ranar abin ya ba shi mamaki, don tabon da ke huhun ba irin na tarin fuka ba ne, har ya tambayi Yaya aikin da yake yi, Yaya ya ce shi mai sayar da hatsi ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba a tambaye shi aikin da ya bari ba, shi kuma bai ga dalilin ambaton aikin da ya rabu da shi tuntuni ba. Na kwashe abin da Baba Nomau ya gaya mini na faɗa masa. Yana ji yana gyaɗa kai, har na zo kan matasai. Nan ya sauke hoton ya dube ni, ya tambaya ko suna nan har yanzu. Rabi ta ce ai katifar da mai jiki ke kai ma audugar nan ce a ciki.

Ya zaunar da mu a bakin magudana ya yi mana bayani. Ya ce abin nan ba auduga ba ce, dutse ne. Haƙo shi ake yi daga ƙasa, in an farfasa sai ya tsage siri-siri kamar zare. Su da Faransanci amiyant suke ce masa, mu kuma a Najeriya shi ne asbesto, wanda ake haɗawa da siminti a yi silin da kwanon rufi. Ya ce mutanen da can sun san shi, har sukan saƙa ƙyalle da shi su jefa a wuta don mamaki. Da Turawa suka ƙera injuna sai suka sa shi ko'ina, a jiragen ruwa, a tukwanen tururi, a birkin mota, a rufin gidaje. Kuma likitocinsu sun daɗe da lura cewa masu aikinsa na mutuwa da ciwon huhu, tun kafin a kawo shi nan, amma aka ci gaba da sayarwa don yana da araha yana da amfani. Yanzu wasu ƙasashen sun hana shi, wasu na ta gardama. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, ba ta narkewa, madara ba ta wanke ta. Sai ta kwanta shiru shekara ashirin, talatin, sannan ta tashi, wani ta sandarar masa da huhu, wani ta zame masa ciwon daji. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma matar da ke kakkaɓe kayan mijinta tana iya shaƙa.

Ni da halina sai na ce masa, to in an daɗe da sani, me ya sa ba a gaya wa su Yaya ba. Ya ce wannan tambayar ba shi ya kamata in yi wa ba, waɗanda za a yi wa sun daɗe da komawa ƙasarsu. Na tambayi magani. Ya ce babu mai warkarwa, sai dai a rage masa wahala, ya faɗa wa Rabi abin da za ta nema. Na ce an aiko ni in kai shi gida. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, in ka sa shi cikin mota da wagga hanya, ba Malumfashi za ka kai shi ba." Game da matasan kuwa ya ce ba duk wanda ya kwana a kai ne zai kamu ba, amma kada a ƙara kwana a kansu ko sau ɗaya. Kada a buɗe, kada a kakkaɓe, kada a ce za a ƙona, tunda ba ya ƙonewa. A jiƙa su sharkaf, a naɗe cikin leda, a binne da zurfi inda ba za a yi noma ba. Ya ba mu albasa cike da zanen Rabi, ya ƙi karɓar komai, abin da ya sa na ɗan ƙara zarginsa har muka hau mota.

Da muka koma Sabon Gari muka samo wa Yaya katifar soso, muka ɗaga shi a hankali. Ni da Rabi muka jiƙa tsohuwar katifar da matasan gidan duka, har nawa na zaure, muka sa a amalanke aka kai bayan gari. Mai gyaran babur ya tsaya yana kallo, daga baya na ji yana gaya wa mutane an tono asirin a cikin katifa. Na je na yi masa bayani, ya ce to, amma na san bai yarda ba.

Yaya ya saurari duk abin da likitan ya ce idonsa a rufe. Ban ga ya razana da jin babu magani ba, ina jin ya riga ya sani. Can sai ya buɗe ido ya kama hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Lawal," ya tsaya ya tara numfashi. "Matashin Inna. Ni na zaɓa mata wanda ya fi cika."

Na ce na sani.

"Ka tafi gobe. Ka raba ta da shi. Kuma ka gaya mata ta bar yarinyar nan, ba ta yi mini komai ba sai alheri."

Da yamma Rabi ta ajiye tuwon gero da miyar kuka a ƙofar zaure kamar yadda take yi kullum ko da ta san ba zan ci ba. Na jawo kwanon na cinye tas, na nemi ƙari. Da ta kawo sai ta ce, "Cikin ya yi sauƙi ke nan." Na ce ta yafe mini. Ta ce ita ma da ɗanta ne ke kwance a ƙasar wasu, da haka za ta aiko, ta ɗauki kwano ta shige.

Dawowa ba ni da labarinta. Ban san shinge nawa muka wuce ba, ban san wa ke kusa da ni ba. Jandarman nan na Ɗan Isa ya gane ni ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, don haka ake cewa.

Inna na zaune a ɗaki, jingine inda na bar ta. Ta dubi bayana ta ga babu kowa. Ta ce ina yake. Na ce ba zai iya hanya ba. Ta ce to wane ne ya yi masa aikin. Na durƙusa na ba ta labarin tun daga tukwanen tururi har gonar albasa, na isar da saƙon Yaya game da Rabi, sannan na nuna abin da ke bayanta. Ta jawo matashin ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ta ce an dai juya mini kai a can, ta tabbata na ci abincin matar. Na ce na ci. Ta ce to shi ke nan. Ta ce abin da ɗanta ya ɗauko tun daga wata ƙasa ya kawo mata ba zai cuce ta ba, kuma wanda ya isa ya zo ya karɓa.

Ban isa ba. Na aika kawunmu, na aika liman, duk ta sallame su. Kullum in na shiga gaishe ta in ta yi ɗan tari sai gabana ya faɗi. Na ɗinka mata sabon matashi da audugar garin nan mai kyau, ta ce in ajiye a kan akwati.

Direban da ya kawo saƙon farko shi ya kawo na biyu. An yi jana'izar Yaya a Maraɗi kafin labari ya iso mu. Da masu ta'aziyya suka ragu, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida da bahon ruwa, ta riga ta tsoma matashin a ciki da hannunta, tana danna shi a hankali har ya daina fitar da kumfa. Ta ce yaya likitan ya ce a yi. Na kawo leda, ta ce in bari tukuna, ta shiga ɗaki ta fito da farin yadi ta naɗe shi da kanta, sannan ta bari na sa ledar. Na haƙa rami a bayan gida inda ba a shuka. Ta tsaya a kaina har na mayar da ƙasa na daddale, ta daɗe a wurin bakinta na motsi. Da za ta juya ta ce in an samu mai zuwa Maraɗi a kai wa Rabi gero, tunda baki biyu take ciyarwa, nata da na kawunta.

Sabon matashin yana nan a kan akwati. Har yau a kan hannunta take kwana.